Yadda za ka zaɓi sabon aksil mai jure tsatsa don tirelar jirgin ruwa

Tirelar da ke ɗaukar jirgin ruwa tana shan wahalar da sauran tireloli ba su san da ita ba. Duk lokacin da za a sauke jirgi ko a ɗauko shi, sai an tura ta da baya cikin ruwa har tayoyi su nutse, sannan a jawo ta a bar ta a rana. Yau ta jiƙe, gobe ta bushe, jibi ta sake jiƙewa, kuma babu abin da tsatsa ke so kamar haka. Wurin da ya fi ko'ina shan wannan ruwa shi ne aksil, ƙarfen nan da ya ratsa ƙarƙashin tirela yana riƙe da tayoyi, wanda nauyin jirgin kusan duka a kansa yake. Ranar da ya karye a kan titi, ba gyaran gefen hanya ba ne. Taya ce za ta fice, tirela ta zauna a kwalta, kuma wanda ke biye da kai a baya yana cikin haɗari.

Mutane da yawa idan sun tashi canza shi, kalma ɗaya suke nema a takardar kaya: galbanaiz, wato ƙarfen da aka lulluɓe da tutiya don hana tsatsa. Da sun gan ta sai su biya. Kalmar tana da muhimmanci ƙwarai, amma ita kaɗai ba ta isa ba, domin tsatsa ba daga tsakiyar bututun da ke ƙyalli take fara cin aksil ba. Daga inda rufin bai kai ba take shiga: hannun da boris ke zama a kai, wurin da sil, wato zoben robar da ke hana ruwa kaiwa ga boris, ke gogawa, tsakanin ganyayyakin sifirin, cikin bututun kansa, da birki. Don haka abin da za ka zaɓa ba ƙarfe ɗaya ba ne, tarin kaya ne da dole su jure ruwa tare.

Mataki na farko: duba tsohon da kyau

Ɗaga tirela da jak, ka sa mata matokarai masu ƙarfi, sannan ka shiga ƙarƙashi da ƙaramar guduma da buroshin waya. Kankare tsatsar ka ga abin da ke ƙarƙashinta. Idan jan ƙura ce kawai a sama, ƙarfe na nan lafiya. Idan kuwa tana ɓarewa ɓawo-ɓawo, ko ka ƙwanƙwasa ka ji sauti ya mutu a wani wuri maimakon ya yi ƙara, to ƙarfen ya sirance. Fi mai da hankali ga inda aksil ya haɗu da sifirin da kuma gindin walda, nan ne ruwa ke kwanciya. Bututun aksil yakan ruɓe daga ciki, sai waje ya yaudare ka; idan ka ga jan ruwa na tsatsafowa daga wani ɗan rami, maganar gyara ta ƙare. Tayar da ke cinyewa ta gefen ciki kawai ita ma shaida ce cewa aksil ya lanƙwashe.

Kada ka jefar da tsohon tukuna. Shi ne ma'auninka.

Mataki na biyu: wane ruwa kake shiga?

Amsar wannan ita ke yanke rabin shawarar. Ruwan daɗi na tafki da kogi yana cin ƙarfe, amma a hankali. Ruwan teku kuwa gishirin da ke cikinsa yana hanzarta tsatsa, kuma ko ruwan ya bushe gishirin na nan liƙe a lunguna yana jawo laima daga iska, aikinsa bai tsaya ba. Ruwan bakin kogi inda yake haɗuwa da teku, ka lissafa shi a matsayin na gishiri. Idan ko sau biyu a shekara kake kai tirelar teku, shawarata ka saya kamar kullum can take.

Mataki na uku: lissafa nauyi na gaskiya

A jikin firam ɗin tirela, galibi kusa da gaba, akwai ɗan faranti ko sitika da ke nuna lambobi biyu: GVWR, wato iyakar nauyin tirela da kayanta gaba ɗaya, da GAWR, iyakar abin da aksil ɗaya zai ɗauka. Sabon aksil kada ya gaza wannan lamba ta biyu.

Amma kada ka tsaya a faranti. Nauyin da kamfanin jirgi ke rubutawa sau da yawa na busasshen jirgi ne, ba inji, ba mai, ba kaya. Ɗauki misali: jirgi kilo 900, inji kilo 180, fetur lita 120 wanda ya kai kimanin kilo 90, batura da anga da sauran tarkace kilo 150, tirelar kanta kilo 350. Jimla kilo 1,670. Wani kaso, galibi tsakanin 5 zuwa 10 cikin ɗari a tirelolin jirgi, yana sauka a kan maƙalar mota. A ce kilo 115. Saura kilo 1,555 a kan aksil. Aksil mai laba 3,500, wanda shi aka fi amfani da shi a ma'aunin Amurka, iyakarsa kimanin kilo 1,590 ne. A takarda ya ɗauka, amma ratar ta yi kaɗan, ramin titi ɗaya ya isa ya cinye ta. A irin wannan hali sai ka hau na gaba. Mafi tabbas shi ne ka kai tirelar da jirgi a kai, tanki cike, a auna ta a sikelin manyan motoci.

Abu biyu ka riƙe a nan. Sa aksil mai ƙarfi ba ya ƙara wa firam, tayoyi ko maƙala ƙarfi. Iyakar tirela ita ce iyakar mafi rauni a cikinsu. Sannan wuce gona da iri ma illa ne: sifirin da ya fi ƙarfin kayan da ke kansa ba ya lanƙwasa, sai tirela ta riƙa tsalle, jikin jirgi ne ke shan dukan.

Mataki na huɗu: awo

Nan ne ake yawan asara, domin aksil da aka yi maka a kan awonka da wuya a karɓe shi idan ka mayar. Cire tayoyi biyun, ka sami wanda zai riƙe maka bakin tef, ka auna kowane abu sau biyu ka rubuta.

Awo na farko daga fuskar hob zuwa fuskar hob, wato daga shimfiɗaɗɗen wurin da wilin taya ke manne wa a hagu zuwa takwaransa na dama. Na biyu daga tsakiyar mazaunin sifirin na hagu zuwa tsakiyar na dama. Idan tsohon aksil ya lanƙwashe, kada ka amince da awonsa. Auna daga maratayan sifirin da ke jikin firam. Sannan ka lura ko sifirin a saman aksil yake zaune ko a ƙarƙashinsa, kuma ko aksil ɗin miƙaƙƙe ne ko hannuwansa sun ɗaga sama don tirela ta yi ƙasa. Canza wannan yana canza tsayin tirela, abin da zai iya sa taya ta riƙa gogar madigadi, ko kuma sai ka nutsa motar da kanta kafin jirgi ya tashi a kan ruwa.

Auna kaurin bututu: na laba 2,000 yawanci inci 1 da 3/4 ne, na laba 3,500 inci 2 da 3/8, daga laba 5,200 zuwa 7,000 kuma inci 3. Ƙirga ramukan notin taya da faɗin da'irarsu. Waɗanda aka saba gani su ne ramuka 4 a inci 4, ramuka 5 a inci 4 da rabi, ramuka 6 a inci 5 da rabi. Idan ramukan huɗu ne ko shida, auna daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar na daura da shi. Idan biyar ne babu na daura, sai ka auna daga tsakiyar rami ɗaya, ka tsallake na kusa, zuwa bakin waje na na gaba. Daga ƙarshe goge boris ka karanta lambar da ke jikinsa. A aksil mai laba 3,500 galibi za ka ga L68149 a ciki da L44649 a waje. Da waɗannan lambobi mai sayarwa zai san irin hannun da kake buƙata ba tare da kame-kame ba. Tirelolin Turai da milimita suke awo kuma boris ɗinsu daban ne, kada ka cakuɗa ma'aunin biyu.

Mataki na biyar: irin rufin ƙarfe

Aksil mai fenti shi ne mafi arha, kuma ga tirelar jirgi shi ne mafi gajeren kwana. Fenti shinge ne kawai. Tsakuwa ɗaya ta fasa shi, ruwa ya shiga, tsatsa ta riƙa tafiya a ƙarƙashi tana ɗaga shi. Fentin hoda da ake gasawa ya fi ƙwari, amma halinsu ɗaya idan ya fashe, kuma cikin bututu a buɗe yake. Idan ruwan daɗi kaɗai kake shiga kuma kana wankewa, zai yi maka wasu shekaru. A teku kada ka fara.

Galbanaiz aikinsa daban ne. Tutiya ce ake lulluɓe ƙarfe da ita, kuma tutiya ta fi ƙarfe saurin ciwuwa, saboda haka idan ruwa ya same su tare ita ce ke narkewa ta bar ƙarfen. Ko an ƙarce rufin har ƙarfe ya bayyana, tutiyar da ke kewaye da ƙarcewar tana ci gaba da kare wurin. Ke nan tsawon ran aksil ya dogara ga yawan tutiyar da ke kansa, kuma a nan ne ake ruɗa masu saye, domin hanyoyin sa ta biyu ne kuma duka ana iya kiransu da suna ɗaya.

Hanya ta farko da lantarki ake manna ta. Kayan kan fito sumul, suna sheƙi, gwanin sha'awa, amma kaurin rufin bai cika wuce maikiron 5 zuwa 25 ba, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Hanya ta biyu ita ce a tsoma aksil ɗin gaba ɗaya cikin narkakkiyar tutiya mai zafin kimanin digiri 450 a ma'aunin Salsiyos. A wannan zafi tutiyar tana haɗewa da fatar ƙarfen, kuma tana malala har cikin bututu ta ramukan da aka bari don haka. Ƙa'idar ISO 1461 ta ce ƙarfe mai kaurin milimita 3 zuwa 6 ya sami matsakaicin maikiron 70, wanda ya wuce milimita 6 kuma maikiron 85. Maikiron 70 bai wuce kaurin silin gashin kai ba, amma ya ninka na lantarki sau da dama. A Amurka ƙa'idar da ke daidai da wannan ita ce ASTM A123.

Yadda za ka gane na tsomawa da ido: launinsa toka-toka ne, ba ya sheƙi sosai, yana da ɗan kaushi, wani lokaci da zane kamar furanni, kuma a ƙarshen bututu ko bakin walda za ka ga inda tutiyar ta ɗiga ta daskare. Wannan munin shi kake nema. Tambayi mai sayarwa kai tsaye: tsoma shi aka yi cikin narkakkiyar tutiya? Bayan an gama walda aka tsoma, ko kafin? Tambaya ta biyun ta fi muhimmanci, domin idan bututun galbanaiz aka sayo sannan aka yi masa waldar mazaunin sifirin, wuta ta ƙone tutiyar daidai wurin da ya fi ɗaukar nauyi, an shafa fentin azurfa an rufe. Duba gindin waldar: idan launinsa ya bambanta da sauran jiki, ka san abin da aka yi.

Sitenles fa? Ana samun aksil ɗinsa amma da tsada, kuma ba kowane sitenles ne ke jure teku ba. Lamba 304 tana yin ƙananan ramuka a ruwan gishiri. 316, wadda aka ƙara mata molibdenom kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, ta fi dacewa. Shi ma yana ciwuwa a matsattsen lungun da iska ba ta shiga. A ganina, ga yawancin masu jirgi, bututun da aka tsoma a tutiya ya wadatar, sai a kai kuɗin sitenles inda ya fi amfani, wato birki da mazaunin sil.

Mataki na shida: sifirin ko roba

Aksil mai sifirin kowa ya san shi, kayansa na samuwa, gyaransa ba wuya. Matsalarsa a ruwa ita ce ganyayyakin suna gogar juna, duk rufin da aka sa musu sai ya goge, ruwa ya kwanta a tsakaninsu. Sau da yawa sifirin ke riga aksil mutuwa. Idan shi za ka ci gaba da amfani da shi, canza shi tare da aksil, ka nemi mai galbanaiz.

Ɗaya nau'in, wanda ake kira toshon, ba shi da sifirin sam. Yawanci bututu ne mai kusurwa huɗu, a ciki akwai sandar ƙarfe da igiyoyin roba huɗu suka kewaye. Idan taya ta hau tudu sandar ta murɗa, robar ta matse. Kowace taya cin gashin kanta take yi, kuma kayan da za su yi tsatsa sun ragu sosai, shi ya sa tirelolin teku da yawa shi suke ɗauke da shi. Kamfanoni irin su Dexter da AL-KO da Knott suna yin sa. Sai dai idan robar ta gaji, aksil ɗin duka ake canzawa. Ba a yi masa walda a jikin bututu, zafi zai ƙone robar ciki. Idan biyu ne a jere ba sa raba nauyi tsakaninsu kamar masu sifirin, dole tirela ta tafi a daidaice, in ba haka ba ɗaya ya ɗauki kayan biyu. Wajen oda kuma za a tambaye ka faɗin firam daga maƙali zuwa maƙali da kusurwar da hannun yake farawa, misali digiri 22.5 ko 45 ƙasa. Komawa daga sifirin zuwa toshon yana yiwuwa, amma nauyin zai taru a wuri ɗaya na firam maimakon biyu, sai ka bari wanda ya san ƙirar tirela ya duba.

Mataki na bakwai: hannu, hob da sil

Ga inda aksil masu kyau ke mutuwa. Hannun da boris ke hawa gogaggen ƙarfe ne da aka yanka daidai da awo, ba a barin tutiya a kansa. Giris ne kaɗai garkuwarsa, sil kuma shi ne mai tsaron ƙofa.

Ka yi tafiya mai nisa, hob ya ɗau zafi, iskar ciki ta kumbura ta fita. Ka iso ka tura tirela cikin ruwan sanyi nan take. Iskar ta tsuke, hob ya zuƙo ruwa ta gefen sil. Daga nan tsatsa ta kama zoben da leɓen sil ke gogawa, wurin ya yi kaushi, kaushin ya yanka sabon sil ɗin da za ka sa, ruwa ya ƙara shiga. Buɗe irin wannan hob za ka ga giris ya koma fari-fari kamar an dama shi, boris kuma da ɗigo-ɗigon baƙi.

Saboda haka nemi aksil da aka sa wa zoben sitenles a mazaunin sil. Idan babu, ana sayar da siririn zobe da ake sakawa a kai, irin Speedi-Sleeve na kamfanin SKF. Sil ya zama mai leɓe biyu da ɗan sifirin a ciki. Hob ɗin kansa ya zama mai galbanaiz. Akwai aksil da hannunsa ke kwancewa da noti, idan ya lalace shi kaɗai za a canza. Wannan ƙari ne mai daraja.

Hanyoyin sa giris sun bambanta. Akwai hannun da aka huda ta tsakiya, ka ɗura giris daga baki ya fito ta bayan boris na ciki ya turo tsohon waje. Akwai murfi mai sifirin irin Bearing Buddy da ke riƙe giris a ɗan matse don ruwa ya rasa hanya; shi kuma kada a cika shi fiye da kima, yana iya ture sil na baya. Akwai masu mai a maimakon giris, da ɗan gilashin dubawa, waɗanda ke nuna maka shigar ruwa da wuri amma idan murfin ya fashe man ya tsiyaye gaba ɗaya. Kowanne ka ɗauka, yi amfani da giris na ruwa, kada ka haɗa iri biyu da ba ka san asalinsu ba, kuma ka ba hob minti 15 zuwa 20 ya huce kafin ka shiga ruwa. Lokacin kwance igiyoyi da shirya jirgi ya ishe shi.

Mataki na takwas: birki da notuna

Dokar birki ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Turai tirelar da nauyinta ya wuce kilo 750 dole ta kasance da shi, a Amurka kowace jiha da nata. Ko ba ka sa birki yanzu ba, sayi aksil mai farantin ɗaura shi, domin ƙara shi daga baya walda ce a kan galbanaiz. Birkin ganga yana tara ruwa da gishiri a ciki inda ba ka iya wankewa, na lantarki kuma maganaɗisu da wayoyinsa ba sa son nutso. Birkin faifai a buɗe yake, yana tsanewa, ana wanke shi da tiyo. Ga teku, faifai na sitenles ko mai rufi na musamman, da kalifa, wato abin da ke matse faifan, na sitenles ko alminiyom, su ne zaɓi.

Notunan nan masu siffar U da ke ɗaure aksil da sifirin, sababbi za ka sa, masu galbanaiz, ba a maimaita tsofaffi. Kada ka yi gaggawar mayar da komai sitenles: notin sitenles na gama-gari, A2-70, yana fara miƙewa a nauyin da bai kai na ƙarfe mai lamba 8.8 ba, kuma zarensa kan cije idan ba a shafa masa man hana cijewa ba. Idan firam ɗinka alminiyom ne, kada ƙarfe daban ya taɓa shi kai tsaye cikin ruwan gishiri, alminiyom ɗin ne zai ciwu ya zama farin gari. Sa ɗan faifan roba ko filastik a tsakaninsu.

Mataki na tara: ɗaurawa da fitar farko

Yawancin aksil ana ɗan tanƙwara su sama a tsakiya don su miƙe idan kaya ya hau. Wannan doron sama yake kallo. Idan ka kifa shi, tayoyi za su cinye cikin ɗan lokaci. Aksil mai birki yana da hagu da dama, duba alamar. Kafin ka ƙarasa ɗaure notuna, auna daga tsakiyar maƙalar tirela zuwa ƙarshen aksil na hagu, sannan na dama. Kada bambancin ya wuce milimita 3. Ɗaure notunan U a giciye, kaɗan-kaɗan, zuwa ƙarfin da kamfanin ya rubuta, da sifanar awo.

Idan tilas ta sa aka yi walda a kan galbanaiz, a yi ta a sarari domin hayaƙin tutiya yana sa zazzaɓi, sannan a goge wurin a shafa fenti mai yawan tutiya. Duk inda sifana ta ƙarce ma a shafa.

Bayan ka hau titi, tsaya ka sake ɗaure notunan taya a kilomita 15, da 40, da 80 na farko, ka ɗora bayan hannu kusa da kowane hob. Ɗumi ba laifi. Zafin da ba ka iya taɓawa yana nufin boris ya matse da yawa ko birki na riƙewa. Duk fitowa daga teku, wanke aksil, sifirin da birki da ruwan daɗi a ranar, ka cusa tiyo a ramukan bututu. Farin gari-gari a jikin galbanaiz tutiya ce ke aikinta. Jan tabo kuwa ƙarfe ne ya bayyana, goge shi ka shafa fentin tutiya kafin shiga ruwa na gaba. Sau ɗaya a shekara a buɗe hob a duba boris, a canza sil.